Wane irin hadis ɗin waje zan saya don adana fayilolina?

Ka ce kwamfutarka ta cika da hotuna da bidiyo, kana tsoron rasa su, ka kuma rasa wanda za ka zaɓa tsakanin HDD da SSD, wato iri biyu na hadis ɗin waje, na'urar ajiya da ake jonawa da kwamfuta.

Idan ajiya kawai kake so, ɗauki HDD mai 2TB na Seagate, WD ko Toshiba, ya fi araha. Sai dai a cikinsa akwai faifai mai juyawa, faɗuwa ɗaya tana iya kashe shi. In kullum yana cikin jakarka kana yawo, SSD ya fi, shi babu faifai mai juyawa a cikinsa, ga sauri ga jure jijjiga, amma da tsada. Ko wanne ne, ya zama mai USB 3.0, wato mahaɗi mai saurin kwafe fayiloli.

Kada ka tsorata idan hadis mai 1TB ya nuna kusan 931GB maimakon 1000GB, haka lissafin yake. Abin tsoro shi ne jabu: wanda arharsa ta yi yawa, bar shi.

Kuskuren da ya fi damuna shi ne mutum ya kwashe komai zuwa hadis, ya goge na kwamfuta. Kwafi ɗaya ke nan har yanzu! Muhimman takardu ka ƙara ajiye su a Google Drive, ma'ajiyar Google ta intanet.

Ranar da ka ji hadis ɗin yana ƙas-ƙas, cire shi nan take. Kada ka buɗe, kada ka yi fomatin (wato goge komai da ke cikinsa), kai wa ƙwararren mai dawo da bayanai.