Amsar Kawunka Kan Haƙorin da Ya Hana Ka Barci

Ɗana, bayan gaisuwa da fatan alheri, saƙonka ya iso ni. Ka ce turmin haƙorinka na sama ya yi kogo har ya hana ka barci, katinka na inshorar lafiya ya daɗe da mutuwa, kuma kuɗin da aka yanka maka a asibitin kuɗi ya fi ƙarfin aljihunka. Sannan ka tambaye ni ko gaskiya ne abin da kakarka ke faɗa, wato a al'adarmu ba a cire haƙorin sama domin jijiyarsa a haɗe take da ido, da kuma ko ya dace ka je wurin mai fitar da tsutsa da hayaƙi kamar yadda abokanka suka ba ka shawara. Da na zo wurin da kake tambaya ko a kan rufin ɗaki ake jefa haƙorin idan an cire, na yi dariya har goggonka ta leƙo ta ga ko lafiya, domin wannan al'adar ta yara ce masu famfara, waɗanda ake ce wa su rufe baki kada ƙadangare ya ga giɓin. Amma dariyar ba ta daɗe ba, saboda na lura cewa ciwon ya kai ka ga neman hanyar da mu muka bi don ba mu da wata.

A gidan da muka tashi a unguwar Aboabo, cikin Kumasi ta ƙasar Ghana, abu na farko da yaro ke ji da asuba shi ne motsin kakanka a bakin ƙofa yana goga aswaki kafin ya yi alwala. Kowane ɗaki da ɗaurin itacensa, wani na darbejiya, wani irin wanda matan Asante ke kasawa a faranti a kasuwar Kejetia, kuma babu yaron da zai zauna gaban kwanon koko bai tauna nasa ba. Idan ka yi ƙiwa, kakanka ba ya duka, sai dai ya karanto maka hadisin da Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya ce ba don kada ya tsananta wa al'ummarsa ba da ya umarce su da yin aswaki a kowace salla, sannan ya zuba maka ido har ka ji kunya. Sukari kuwa ƙwaya-ƙwaya ake ƙirga shi, kuma lemon kwalba sai ranar salla ko suna. Goro ya rina bakin tsofaffinmu, amma da yawansu sun tafi kabari da haƙoransu. Kakanka yakan ce sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, kuma bayan shekaru wani likita ya bayyana mini abin da ke tsaga bangon: ƙwayoyin cutar da ke zaune a baki suna cin sukarin da ya maƙale, su fitar da tsami, tsamin ya riƙa cin ƙarfin haƙori a hankali har ramin ya kai ga jijiya. Ku kuma yanzu shayi sai ya yi kauri da madarar gwangwani, a bi shi da biskit, a kwanta da kwalbar lemo a gefen katifa.

Zancen tsutsa kuwa, bari in ba ka labarin babban kawunka, Allah ya jiƙansa. Wannan ya faru ne ba da daɗewa ba bayan 1985, shekarar da gwamnati ta kafa dokar biyan kuɗin asibiti, aka shiga zamanin da sai ka ajiye kuɗi kafin a ba ka magani. Mutane ba su gama farfaɗowa daga yunwar 1983 ba, kuma gidaje cike suke da waɗanda aka koro daga Nijeriya a wannan shekarar, yawancinsu ba su da aikin yi. Kawun naka yana lodin huhunan goro a motocin da ke tafiya arewa, ƙato ne wanda ba a taɓa jin ya ce wayyo ba. Turminsa na ƙasa ya fara damunsa, aka bi da shi ta duk hanyoyin gida: kurkure baki da ruwan ɗumi da gishiri, cusa kanumfari a kogon, sannan garin taba da 'yar kanwa da wata tsohuwa ta kawo. Kowanne yakan ba shi sauƙi na ɗan lokaci, ciwon ya dawo cikin dare, har na riƙa jin sa yana zagaya tsakar gida yana salati a hankali don kada ya ta da mutane.

Daga nan aka ba mu labarin wani mai magani da ke shimfiɗa buhu a bakin hanya wajen Alabar, ni na raka shi. Mun tarar da mutane sun yi da'ira, mutumin yana zaune da kaskon garwashi, da kwano mai ɗan ruwa, da mazurari da aka yi da gwangwani. Ya leƙa bakin kawunka, ya girgiza kai, ya ce tsutsotsin sun yi iyali a ciki. Ya ɗora wani guntun ƙarfe a wuta har ya yi ja, ya sa shi a tsakiyar kwanon a kan dutse, ya barbaɗa wasu ƙananan 'ya'yan tsiro da ɗigon mai, ya kife mazurarin, ya ce kawunka ya kafa baki a kan bututun. Hayaƙi ya turnuƙe shi, hawaye na zuba, yana tari, mutumin yana dafe da ƙeyarsa yana cewa ya daure. Da aka ɗaga mazurarin sai ga wasu fararen abubuwa sirara, a lanƙwashe, suna yawo a kan ruwan. Jama'a suka ɗauki kabbara, wata mata ta toshe hanci ta ja da baya, mutumin kuwa ya zagaya da kwanon yana nuna wa kowa kafin ya karɓi kuɗin da kawunka ya yi kwanaki yana ɗaukar kaya kafin ya tara. Abin da ke cikin ruwan nan cikin 'ya'yan tsiron ne, waɗanda ke fashewa idan zafi ya taɓa su, kuma da za a yi hayaƙin ba tare da bakin kowa ba, haka za su fito.

Abin da ya ƙara wa mutumin suna shi ne, bayan 'yan kwanaki ciwon ya ɗauke ɗif. Kawunka ya koma bakin aikinsa yana tura abokansa can. Ashe jijiyar ce ta mutu, shi ya sa zafin ya tsaya, ruɓar kuma ta ci gaba da gangarawa cikin ƙashin muƙamuƙi. Wata safiya ya tashi ƙarƙashin haɓarsa ya kumbura ya yi tauri kamar an kifa masa ƙwarya, jikinsa ya yi zafi, bakin ba ya buɗuwa sai ɗan abin da cokali zai shiga, miyau ma ya gagare shi haɗiya. Aka kira wanzamin gidanmu, wanda ya yi wa dukanmu kaciya kuma ya cire wa mutane haƙora da yawa a unguwar. Dattijon ya taɓa wuyan, ya saurari numfashin, ya mayar da awartakinsa cikin zabira, ya ce wa kakanka wannan ya wuce aikinsa, kuma idan aka kwana da yaron nan a gida, shi ba ruwansa. Har yau ina yi wa wanzamin nan addu'a, domin ya san iyakar sana'arsa a lokacin da faɗin hakan ke nufin ya koma gida ba ko sisi.

Kakanka ba shi da kuɗin, kuma mutum ne da bai iya roƙo ba. Ya zauna a kan buzunsa ya yi shiru yana jan carbi. Kakarka ce ta fito daga ɗaki ta tsaya a kansa, ta ce, Malam, ranar wanka ba a ɓoyon cibiya, ko ka je masallaci ka faɗa ko ni in je. Bayan sallar isha'i liman ya yi sanarwa a taƙaice, aka shimfiɗa rawani a bakin ƙofa, kowa ya ajiye abin da ya sawwaƙa, daga masu goro har masu gadi da almajirai manya. A cikin gida matan da suke adashi tare da kakarka suka yarda a ba ta kwasar da ba tata ba, ita kuma ta fitar da kwanonin aurenta ta aika a jinginar. Wata Ba'asantiya maƙwabciyarmu mai sayar da dokunu, wato tuwon masara da ake naɗewa a ganye, wadda ba ta jin Hausa sosai, ta kwance bakin zaninta ta ba da cinikin ranar. Wani direban tasi na unguwa ya kai mu asibitin Komfo Anokye, wanda har yanzu tsofaffi ke kira Gee da sunan kamfanin da ya gina shi, ya kuma ƙi karɓar kuɗin mota. A daren aka tsaga ƙarƙashin haɓar aka fitar da mugunya, daga baya aka cire haƙorin, ya yi kwanaki a kwance ana yi masa allura. Likitan ya gaya wa kakanka cewa irin wannan kumburin yakan tura harshe baya ya toshe hanyar numfashi. Kakarka ta daɗe tana biyan bashin adashin nan, kuma tun daga lokacin ba a taɓa shimfiɗa rawani a masallacin ba tare da kakanka ya ajiye wani abu ba, yana cewa don tuwon gobe ake wanke tukunya.

Wannan shimfiɗa rawanin shi ne ɓangaren al'adar da nake baƙin cikin ganin kuna saki, kuna riƙe hayaƙi da garin taba waɗanda rashi ne ya kai mu gare su. Yaro zai yi makonni yana fama, bai gaya wa uwarsa ba, bai gaya wa kawunsa ba, sai ya je kemis ya sayi ƙwayoyi barkatai, wani ma abokai su miƙa masa tiramol, wanda ka san irin ɓarnar da ya yi wa samarin zangunanmu. Kuɗin kati na waya ba ya yankewa, amma katin asibiti sai ya mutu a bar shi.

Kai kana da abin da kawunka bai samu ba. Tun 2003, a zamanin Shugaba Kufuor, aka kafa dokar inshorar lafiya ta ƙasa, kuma cikin abin da take ɗauka akwai cire haƙori, da tsaga kumburi a fitar da mugunya, da ciko mai sauƙi. Haƙorin roba da aikin ado ba sa ciki, balle haƙorin Makka irin na goggonka. Ana sabunta katin ta waya da lambar *929#, a biya da momo, wato kuɗin da ake turawa ta waya, sai dai wanda ya bar nasa ya daɗe a mace akan sa shi jira kafin katin ya fara aiki, don haka ka sabunta shi yau, amma kada ka zauna jiransa idan ciwon ya tsananta. Ko da kuɗin hannu ne, sashen haƙori na asibitin gwamnati ya fi asibitin kuɗi sauƙi, illa dai sai ka yi sammako ka bi layi. Idan ka shiga, ka tambayi likita a fili ko haƙorin zai cetu da ciko, nawa ne cikon, nawa ne cirewa, kuma ka gaya masa gaskiyar abin da ke hannunka. Kogon da aka tara da wuri ciko yake buƙata, wanda aka bari ya kai jijiya kuwa sai aikin wanke saiwa mai tsada ko cirewa, kuma haƙoran babba 32 ne, wanda ya fita ba ya da magaji.

Kafin ka samu ganin likita, ka riƙa kurkure baki da ruwan ɗumi da gishiri, kanumfari ma yana rage zafi, kuma wannan kam likitoci ba su musa wa tsofaffinmu ba. Farasitamol yana taimakawa, amma kada ya wuce ƙwaya 8 masu miligiram 500 a yini da kwana, domin yawansa yana lalata hanta, ibuprofen kuma sai bayan an ci abinci, ban da mai gyambon ciki. Kada ka danna asfirin a kan dasashi don ƙona shi yake yi, kada kuma wani ya ruɗe ka da ruwan batir ko fetur. Idan ka ga kumburi ya doshi ido ko ƙarƙashin haɓa, ko zazzaɓi ya rufe ka, ko baki ya ƙi buɗuwa, ko haɗiya ta yi wuya, to ko tsakar dare ne ka tafi asibiti, ka kira ni a hanya.

Batun ido kuwa, ba zan tsaya ina ƙaryata kakarka a gaban jikanta ba. Abin da zan ce shi ne, akwai abokaina a sahun gaba da aka cire wa haƙoran sama tun da daɗewa, kuma suna karanta Alƙur'ani ba tabarau, wanda na gani idonsa ya rufe da kumburi kuwa shi ne wanda ya ƙi zuwa a cire. Haƙorin babba idan ya fita, mu dai binne shi muka ga ana yi, kamar gashi da farce.

Ka zo gida ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci, ka taho da katinka na ɗan ƙasa da takardar da asibitin kuɗin suka rubuta maka. Na riga na yi magana da ƙananan kawunnanka, kowa zai kawo abin da ya samu, kuma ɗan goggonka zai raka ka asibiti ranar Litinin da sassafe. Ka gaya wa mahaifiyarka da bakinka kafin ta ji daga wurina.