Amsa ga ɗalibar da Turanci ke ba wa wahala

Ƙanwata, kin ce kina aji biyar a sakandare a nan Gombe, kin haddace dokokin nahawun Turanci, amma da an ba ki labari a ce ki amsa tambayoyi sai kanki ya ɗaure.

Haddar ce ba ta isa ba. A Hausa aikatau, wato kalmar da ke nuna aiki, ba ya sauyawa saboda lokaci, muna cewa ya tafi, zai tafi. Turanci kuwa kalmar kanta yake murɗewa, go ta koma went. Nan yawancinmu muke tuntuɓe, sai kuma 'yar "s" ɗin nan ta she goes, wadda ni kaina na sha jan biro a kanta. Ido ne ke sabawa da su, ta hanyar karatu.

Ki samu tsohuwar jaridar Daily Trust, ko da wadda mai ƙosai ta naɗe miki ce a Jekadafari. Ki karanta labari ɗaya kullum, ki ja layi ƙarƙashin kowane aikatau, sannan ki rufe ki faɗa wa wani abin da kika fahimta da Hausa. In ya gagara, ba ki gane ba ke nan, ki sake.

A jarrabawar WAEC kuwa, fara karanta tambayoyin kafin labarin. Idan aka ce ki kawo kalma mai ma'ana ɗaya da wata da ke cikin labarin, ki saka ta cikin jimlar ki ji ko ta zauna.