Sola a Kan Mota: Za Ta Riƙe Kifi Daga Yawuri Zuwa Birnin Kebbi?

Wani ɗan kasuwa daga Yawuri, mai kai ɗanyen kifi Birnin Kebbi a motarsa, ya aiko da tambaya. Kuɗin ƙanƙara na cinye masa riba, kuma kafin ya wuce Jega ta narke. An ce masa ya ɗora farantin sola a rufin mota ya jona firiza. Ɗaukar adashensa ta kusa, ya zuba kuɗin a nan?

Alhaji, ka zuba, amma ba yadda aka tsara maka ba.

Kada ka bari kowa ya jona maka firij da batirin tada mota. An yi shi ne ya ba da wuta mai ƙarfi na 'yan daƙiƙu. In ana tatsarsa wuni guda, wata rana a Koko za ka tsaya neman masu turi, ga tarwaɗa da ragon ruwa jibge a baya. Batir na biyu ake sawa, da na'urar da ke raba su, wadda ke barin injin ya caja na biyun kana tafiya, ta kuma yanke shi daga na farko da zarar ka kashe mota. Tsakanin farantin da batirin sai an sa kontirola, na'urar da ke daidaita cajin batir. Iri biyu ce, mai suna MPPT ta fi mai suna PWM tatso wuta. Fis kuma, mai yanke wuta in ta yi yawa, a sa shi dab da kan batir, don sau da yawa gobarar mota daga wayar wuta take farawa.

Ga lissafin da mai shago ba ya son yi. Batir mai bolt 12 da 100Ah (ma'aunin girman batir) yana ɗauke da wat-awa 1,200 na wuta, wato 12 sau 100, amma in na ruwa ne rabi kawai za ka ci, in ba haka ba ya mutu da wuri. Na litiyam yana ba da wajen 1,000, ya fi tsada, ya fi daɗewa. Faranti mai wat 200 da ke kwance a rufi cikin zafin Kebbi, ka sa ran wat-awa 700 zuwa 900 a wuni, don zafi na rage masa ƙarfi. Wannan ya ishi ƙaramin firij mai aiki da bolt 12 kai tsaye. Bai ishi babbar firizar gida da inbata ba. Sauko da kifi kilo 50 daga zafin gari zuwa sanyin ƙanƙara kaɗai zai lashe duk abin da farantin ya tara a ranar.

Saboda haka ba za ka rabu da ƙanƙara ba, rage ta za ka yi. Ka sanyaya kifin tun a bakin ruwa, firij ya riƙe sanyin.

Inda sola ke biyan kuɗinta shi ne lokacin da kake tsaye a kasuwa. Tun da aka cire tallafin mai a Mayun 2023, wa ke barin inji na kuka don firij? Sai dai fa ka haƙura da inuwar dogon yaro, motar a rana za ta wuni. Ka bar tazarar yatsu uku ko huɗu tsakanin farantin da rufi iska ta riƙa wucewa, da hunturu ka goge ƙura da jiƙaƙƙen tsumma kullum da safe. Notocin ma a riƙa dubawa, ramukan hanya na kwance su.

Kafin adashen ya fito, ka rubuta na wata guda: nawa ka kashe a ƙanƙara, nawa ka yi asara a kifin da ka karyar da yamma ko ka kai banda dole. Rabin wannan jimlar ka ɗauka a matsayin abin da za ka tsira da shi. In bai mayar da kuɗin kayan cikin shekara ba, ka sayi kula, wato akwatin riƙe sanyi, mai kauri, sauran ka ƙara jari. In ya mayar, faranti na hannu ba laifi muddin an auna shi a gabanka cikin rana. Batir kam sabo, da rasit.