Hukuncin Sauya Tayoyi Yayin Mayar da Motar Haya

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam. Daga Tudun Wadan Zariya nake. Na karɓi hayar mota ta shekara 2 a wani kamfani, ina jigila tsakanin Zariya da Kaduna. Da wa'adi ya cika suka ce sai na sa sababbin tayoyi huɗu, alhali ba sababbi suka ba ni ba. A takarda an rubuta in dawo da tayoyi "masu lafiya". Wajibi ne a kaina? In na sa na gwanjo, na fita?

AMSA: Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Ɗan'uwa, asali a babin haya shi ne mai haya amintacce ne, ba ya biyan abin da ya lalace a hannunsa sai in ya yi ta'adi ko sakaci. Haka Ibnu Abi Zaid ya faɗa a Risala: wanda ya yi hayar wani kaya babu lamuni a kansa in ya halaka a hannunsa, kuma ana gaskata shi sai in ƙaryarsa ta bayyana. Suɗewar taya saboda tafiyar da aka saba, ita ce amfanin da ka biya kuɗi dominsa. Da babu sharaɗi, da ba ka biyan ko sisi.

To amma ka sa hannu a kan sharaɗi, Allah kuma Ya ce a farkon Suratul Ma'ida: "Ya ku waɗanda suka yi imani, ku cika alƙawura." Shin sharaɗin ya inganta? Malamai sun raba gyara gida biyu. Babban gyara, wanda motar ba ta amfanuwa sai da shi, kamar injin da ya buga ba da laifinka ba, na mai mota ne. Majalisar Fiƙihu ta Duniya, a zamanta na Riyad a 2000, ta bar irin wannan a wuyan mai bayar da haya. Gyaran yau da gobe kuwa, irin su juyen baƙin mai, birki da taya, ya halatta a ɗora wa mai haya, domin abu ne da ake iya ƙiyastawa, sai ya zama kamar wani yanki na kuɗin hayar. Don haka sharaɗinku ya zauna.

Sai dai "masu lafiya" ba "sababbi" ba ne. Lafazin da ba a fayyace ba ana mayar da shi ga al'adar masu sana'a. Ku kai motar wurin mai facin da ku duka kuka yarda da shi, ya duba zane, ya duba gefe ko akwai kumburi ko tsaga. Wadda ta suɗe ka sauya ta da mai girmanta, mai lafiya ka bar ta. Neman sababbi huɗu daga wanda aka ba tsofaffi cin dukiyarsa ne ba da haƙƙi ba, kuma ina kira ga kamfanin ya ji tsoron Allah. In kuwa lodin da ya wuce kima ka riƙa yi, ko ka ja motar a kan faci har taya ta yage, wannan naka ne ko da babu sharaɗi.

Batun gwanjo ne ya fi damuna. A gefen kowace taya akwai lamba huɗu: biyun farko mako, biyun ƙarshe shekarar da aka ƙera ta, wato 2319 na nufin mako na 23 a 2019. Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa tana gargaɗin cewa wa'adin taya shekara 4 ne daga ƙira. Wadda aka sake yanka wa zane da wuƙa aka shafa mata baƙi don ta yi ƙyalli, haramun ne ka miƙa ta, domin Annabi (SAW) ya ce wanda ya yi mana algus ba ya cikinmu, Muslim ya ruwaito. Bayanka wani direban zai ɗauki mutane a motar nan, a zafin watan Afrilu, da gudu a kan babbar hanya. In ta hannu ce mai lafiya, wa'adinta bai ƙare ba, ka kuma gaya musu suka karɓa, ka fita.

Wallahu a'alam.