Filin 'Yan Kallo: Tambayoyinku, Amsoshinmu

TAMBAYA: Assalamu alaikum. Dan Allah ina so ku tambayar mana masu shirya finafinan nan masu dogon zango me ya sa suke ja mana rai haka? Mutum ya jira sati guda cur, ya sayi data da kuɗinsa, sai a ɓata rabin episod ana gaisuwa da shiga mota da fita daga mota, ana zuwa wajen da abu zai fashe sai kawai a rubuta mu haɗu sati mai zuwa. Ni wallahi na kusa daina kallo.
Daga wata uwargida a Gusau

AMSA: Wa alaikumus salam Hajiya. Kin ce kin kusa dainawa, toh ai ba ki daina ba, kuma su ma masu fim ɗin sun san ba za ki daina ba, nan gizo ke saƙar. Maganar gaskiya jan labarin nan ba wai rashin iya rubutu ba ne kawai, harkar kuɗi ce. A da, lokacin kaset da CD, furodusa zai gama fim ɗinsa na ɗaya da na biyu ya kai wa 'yan kasuwa a Ƙofar Wambai a Kano, a buga a sayar, kowa ya kama gabansa. Sai masu tura fim a waya suka zo, ka ba da memori da 'yan canjinka a cika maka shi da finafinai, mai fim bai ga ko sisi ba, kasuwar CD ta mutu murus. Abin da ya rage wa 'yan Kannywood shi ne tashar talabijin da YouTube, su kuma duka biyun da talla suke biya, talla kuma tana son mutane su riƙa dawowa duk sati su daɗe suna kallo. Kinga kenan labarin da zai ƙare a episod 10 in aka miƙe shi ya kai 30 an ninka wajen saka talla sau uku, ga kuma masu shaguna da masu maganin gargajiya da ake cusa tallarsu a tsakiya, wani lokacin har jarumar ce za ta ɗago kwalbar turare ta yi ta yabonsa alhali mijinta yana asibiti a cikin labarin.

Amma fa ba na wanke su duka. Akwai bambanci tsakanin shiri irin Daɗin Kowa na Arewa24, wanda dama an gina shi ne kan rayuwar gari guda da gidaje da yawa, yau ana gidan wannan gobe ana gidan wancan, irin wannan zai iya shekara da shekaru bai gundure ki ba, da kuma labarin soyayyar mutum biyu da aka ja shi har zango na kaza don kawai ana samun masu kallo. Na biyun nan ni ma haushi yake ba ni. Shawara ta, in shiri ya fara yi miki yawo da hankali ki bari zangon ya ƙare tukuna ki kalla a jere kina tsallake gaisuwar, datarki ma za ta fi auki.

TAMBAYA: Ni abin da ya fi ɓata min rai shi ne canza jarumi a tsakiyar shiri. Mun saba da fuska ɗaya sai kawai a kawo wata a ce ita ce. Ba raina mana hankali ba ne wannan?
Daga wani ɗalibi a Maraɗi

AMSA: Ɗan uwa na san inda ka dosa, shirin nan mai suna Labarina kake nufi, lokacin da Nafisa Abdullahi ta bar shirin daga baya Fati Washa ta karɓi matsayin Sumayya. An sha surutu a kan wannan sosai, har yau in aka tayar da zancen sai an rabu gida biyu. To amma sa kanka a matsayin darakta: shiri ya shekara biyu ko uku ana yi, jaruma ta yi aure ko ta koma karatu ko an samu saɓani, me za ka yi? Ko dai ka kashe ta a labarin, ko ka tura ta wata ƙasa a riƙa cewa ta bugo waya, ko ka kawo wata. Duk wanda ka zaɓa sai an zage ka. Ni a wajena gara a canza fuskar a ci gaba da labari da a ƙirƙiro hatsarin mota na dole. Inda nake ganin laifin masana'antar shi ne rashin rubuta yarjejeniya mai ƙarfi tun farko, yawanci abin na mutunci ne da sanayya, ranar da mutuncin ya ƙare sai mu 'yan kallo mu kwana a ciki.

TAMBAYA: Babanmu kullum cewa yake 'yan fim ɗin Hausa kwaikwayon Indiya kawai suke, wai gara ya kalli finafinan Indiya da kamfanin Algaita ke fassarawa zuwa Hausa ya san Indiyan yake kallo. Da gaskiyarsa?
Daga wata budurwa a Kumasi

AMSA: Ki gaida mana Baba, ki ce yana da rabin gaskiya. Finafinan Indiya sun daɗe a ƙasar Hausa, tun wajen shekarun 1950 'yan kasuwa Kwarori suke kawo su sinimomin Kano, iyayenmu sun taso suna kallonsu a Plaza da Marhaba ba tare da suna jin yaren ba, har sunayen Hausa suka laƙaba wa jaruman. Da aka fara fim ɗin bidiyo na Hausa a 1990 dole abin da aka saba gani ya shigo, shi ya sa rawa da waƙa da auren dole da saurayi biyu budurwa ɗaya suka cika finafinan wancan lokacin. Amma Baba ya zauna ya kalli Kwana Casa'in, siyasar gida ce zalla, gwamna da 'yan jarida da 'yan bangar siyasa, ba ruwansa da Indiya. Hasali ma yawancin masu dogon zangon yanzu sun rage waƙa sosai, har wasu suna ƙorafin sun yi kewarta.

TAMBAYA: Me ya sa mutane suke zagin jarumi a Facebook da TikTok saboda ya fito a mugu?
Daga wani tela a Zariya

AMSA: Malam ai wannan ciwon ya daɗe, akwai masu tare ɗan wasa a kasuwa su yi masa Allah ya isa don ya saki matarsa a fim. In har ka ji kamar ka shaƙe shi to ya iya aikinsa ne, a yaba masa. Mai son faɗa ya nemi marubucin.

Wanda bai ga tambayarsa ba ya yi haƙuri, saƙonnin sun yi yawa wannan karon, musamman masu neman mu faɗi wane shiri ne ya fi kowanne, wannan kam ba za ku haɗa ni faɗa da mutane ba.