Ɗigo, zarra da jifan da bai dawo ba

Wata ɗaliba daga unguwar Birni ta rubuto: "Malam, malaminmu na fizik ya ɗiga alli a allo, ya ce wai wannan mota ce ta taso daga Damagaram za ta Yamai. Da Hausa ƙwayar zarra zan kira ta?"

A'a, 'yata. Zarra iri biyu gare mu. Akwai ta "ya yi musu zarra", wato ya fi su, wannan mu ajiye ta gefe. Ɗayar daga Larabci muka aro ta, tana cikin Suratuz Zalzala, kuma masu tafsiri sun ce ƙaramar tururuwa ce, ko ƙurar nan da ake gani tana yawo in hasken rana ya ratso ta kafar ƙofa. Daga baya masu fassarar kimiyya suka ɗora ta a kan atom, wato 'yar mitsitsiyar ƙwayar da kowane abu ya ginu da ita. To amma atom, duk ƙanƙantarsa, yana da faɗi: kusan kashi ɗaya cikin miliyan 10 na milimita.

Abin da malaminku ya zana ba ƙaramin abu ba ne, abu ne da aka kau da kai daga girmansa da gangan. Hanyar Yamai ta kai wajen kilomita 900, motar kuwa 'yan mitoci ce. In tambayar ita ce yaushe za ta isa, ina ruwan mai lissafi da tayoyi, da buhunan gero da akuyar da aka ɗaure a sama? Nauyi da gudu da inda ta kai kawai yake so. Har duniyarmu haka ake yi mata in ana lissafin zagayenta ga rana, don faɗinta kilomita 12,742 ne, tazararta da rana kuwa kusan kilomita miliyan 150. Amma ranar da aka tambayi dalilin kifewar motar a kwana, dole a maido mata da tsawonta da lodinta.

Ni "ɗigo mai nauyi" na zaɓa, ko da yake ɗigon da gardi ke sa wa haruffan "ba" da "ta" a allo ma ya fi shi jiki, tunda tawada ce.

Wani tela a Kasuwar Dole kuma ya ce ɗansa ya yi masa gardama kan "kome nisan jifa, ƙasa zai faɗo".

Alhaji, Bahaushe na nufin duk daɗewar abu sai ya zo ƙarshe, kuma jifan hannu yake magana. Nan ba gardama. Sai dai yaron ma da hujjarsa. Newton, wanda ya fitar da dokokin motsi a 1687, ya kwatanta harbi daga ƙololuwar dutse: in gudun ya kai wajen kilomita 8 a daƙiƙa, kuma ba iskar da za ta tare shi, sai abin ya yi ta faɗowa yana kewaya duniya bai taɓa ta ba. In ya wuce 11, ya tafi ke nan. Kumbon Voyager 1 da Amurka ta harba a 1977 har yau tafiya yake. Ka ce wa yaron ya ɗauki dutse ya gwada a bayan gida, mu ji.