Amsa ga mai tambaya kan farkawa daga gafala a wannan zamani

Wa'alaikumus salam. Ɗan'uwa, ka ce tun da kuka dawo daga jana'izar wani abokinka zuciyarka ta juya, ka tsani cacar ƙwallo da shaye-shayen da kake ciki, kuma yanzu duk inda ka duba ɓarna kake gani. Kana tambaya ta ina za ka fara, kuma ko ka ƙaurace wa mutane gaba ɗaya. Allah Ya jiƙan mamacin, kai kuma Ya tabbatar da kai.

Wannan zafin da kake ji a ƙirji ba ya daɗewa. Idan ba a mayar da shi aiki ba, bayan 'yan makonni sai ya huce mutum ya koma gidan jiya. Don haka kada ka kashe shi wajen sauraren wa'azi kaɗai. Ɗauko takarda da biro ka rubuta bashin da ke kanka, na Allah daban, na mutane daban.

Sharuɗɗan tuba suna nan a shafin farko na Ahalari, ƙaramin littafin fiƙihun Malikiyya: nadama kan abin da ya wuce, niyyar ba za ka koma ba, da barin saɓon nan take. Sai mayar da haƙƙin mutane, wanda a nan ne yawanci ake maƙalewa, domin kuka a sujada ya fi sauƙi a kan ka je ka ce wa mutum "na ci kuɗinka." Duk dukiyar da ka san mai ita, shi za ka mayar wa, ko magadansa in ya rasu. Ba dole ba ne ka tona wa kanka asiri, kana iya aikawa ta hannun wani amintacce. Kuɗin da ka ci a caca kuwa, tunda ba ka san masu shi ba, fitar da shi za ka yi ga mabuƙata ko aikin al'umma da niyyar rabuwa da haram. Gulma da ƙazafi: in maganar ta riga ta isa kunnensa, nemi afuwarsa, in bai ji ba, kuma gaya masa zai tayar da fitina, yi masa addu'a ka gyara sunansa a majalisar da ka ɓata shi.

Sallolin da ka sha, mazhabobi huɗu sun tafi a kan a rama su, ko da yake akwai malaman da suka ce wanda ya bari da gangan sai dai ya tuba ya yawaita nafila. A Malikiyya, wanda ke rama sallar kwana 5 a kowace rana ba a ɗaukarsa mai sakaci. Salla 25 ke nan, kuma da wannan lissafi bashin shekara guda zai ƙare a kwana 73. Inda ake faɗuwa shi ne a fara da 25, a gaji a mako na biyu, a watsar. In ka san ba za ka jure ba, haɗa kowace farilla da ramuwa ɗaya ko biyu, ka riƙa ƙarawa. Ramuwa ba ta da lokacin hani, ana yin ta ko bayan La'asar ko bayan Asuba. In ba ka san adadin ba, ƙiyasta abin da ya fi rinjaye a zuciyarka, kada waswasi ya riƙe ka.

Batun shaye-shaye akwai wurin da niyya kaɗai ba ta isa. Wanda jikinsa ya saba da kodin ko Tramol, in ya tsaya kwatsam zai sha ciwon jiki, gumi, gudawa da rashin barci na kwanaki. Ƙwayoyin sa barci irin su roci da diazepam sun fi haɗari, yanke su lokaci guda na iya jawo farfaɗiya. Wannan aikin likita ne, shi zai riƙa rage maka a hankali. Akwai asibitocin ƙwaƙwalwa a Barnawa ta Kaduna, Dawanau a Kano, Kware a Sakkwato da kuma Maiduguri, kuma zuwa can ba ya nufin hauka. Da yawa suna komawa shaye-shayen ne a kwanakin farko na dainawa, su ce imaninsu ne ya yi rauni, alhali jiki ne ke neman abin da ya saba.

Caca kuma a wayarka take kwana. Goge manhajar bai isa ba, minti biyu ka sake sauke ta. Rufe asusun gaba ɗaya, cire katin bankinka daga ciki, fita daga zaurukan WhatsApp da Telegram da ake raba hasashen wasa, ka kuma huta da kallon ƙwallo na wasu watanni, domin a can ƙaiƙayin ke tashi. Daga ƙarfe 10 na dare wayar ta kwana a wani ɗaki. Wannan kaɗai na toshe ƙofar kallon batsa, ya kuma ceto sallar Asuba, wadda ita ce ma'aunin da za ka riƙa duba kanka da shi kowane mako.

Sai maganar ƙaurace wa mutane. Majalisar da ake saɓon a cikinta, bar ta, babu ja. A hadisin mutumin da ya kashe rai 100, shawarar da malamin ya ba shi ita ce ya bar garinsu ya koma wurin mutanen kirki. Lura dai, an nuna masa inda zai je. Wanda ya bar tsofaffin abokai ya zauna shi kaɗai a ɗaki, kaɗaici zai mayar da shi. Cike gurbin da karatun zaure bayan Magariba a gaban malami guda, fara da tsarki da salla, da aboki ɗaya da zai buga maka waya in bai gan ka a sahu ba. Iyaye, mata da 'yan'uwa ba sa cikin waɗanda ake ƙaurace wa.

Abin da ya fi ba ni tsoro a tambayarka shi ne "duk inda na duba ɓarna." Ɓarnar gaskiya ce, riba da cin amana da tsiraici ba wanda ke musu. Amma laifi tudu ne, kuma sabon tuba ya fi kowa saurin hango na wani. Muslim ya ruwaito cewa idan mutum ya ce mutane sun halaka, to shi ne ya fi su halaka. Jiji da kai na shiga ta nan, riya kuma ta shiga ta Facebook, inda ake zayyana tsofaffin zunubai da sunan jan hankali bayan Allah Ya rufa asiri. Bar wa'azi tukuna har ka yi karatu.

In kuma ka zame ka koma, kada ka jira Juma'a ko azumi. Yi alwala, ka yi raka'a biyu, ka sabunta tuba a ranar, sannan ka binciki ƙofar da abin ya shigo: wane lokaci ne, kana tare da wa, kuɗi ne suka shigo hannu ko ɓacin rai ne. Ita za ka toshe kafin dare ya yi.